Katangar Tokare Ƙasa a Batsari da Safana: Nazarin Tsarin da ke Rage Tsada da Iskar Kabon

Tsakure

Zaizayar ƙasa na cin gonaki da gefen hanyoyi da tushen gidaje a ƙananan hukumomin Batsari da Safana, kuma abin da aka fi hanzarin kawowa a matsayin magani shi ne katangar kankare mai rodi. Wannan maƙala ta dubi yadda za a tsara katangar da ke tokare ƙasa ta yadda kuɗinta zai ragu, iskar kabon da ake fitarwa wajen samar da kayanta ita ma ta ragu, ba tare da an taɓa ƙarfinta ba. An yi bitar rubuce-rubucen injiniyoyi da na masana ginin Hausawa, sannan aka yi lissafi a kan katanga mai tsayin mita 2. Nazarin ya gano cewa ruwan da ke kwanciya a bayan katanga ya fi ƙasar kanta tura ta, da kuma cewa gajeriyar katangar dutse mai barin ruwa ya wuce ta fi ta kankare sauƙin kabon. Haka nan an lura siririyar katangar da kwamfuta ke fitarwa ba ita ce mafi araha ba a wurin da injiniya ba ya iya zuwa duba aiki a kai a kai.

Fitilun Kalmomi: katanga, zaizayar ƙasa, siminti, iskar kabon, magina, Batsari, Safana

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin al'adun Hausawa sun daɗe suna kallon gini a matsayin sana'a da ado da alamar matsayi. Ayyukan Hamman Tukur Saad (1981) da J. C. Moughtin (1985) da Z. R. Dmochowski (1990) sun yi bayani mai gamsarwa a kan soro da zaure da bakan gizo da zankwaye, da kuma gwanintar Babban Gwani Muhammadu Durugu wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Akwai wani ginin da bai samu irin wannan kulawa ba, domin ba shi da ado kuma ba mai kwana a cikinsa, wato katangar da ake yi don ta hana ƙasa zubewa. Ita ce ake gani a fukafukan kwalbati da gefen magudanar ruwa da bakin kwazazzabon da ya kusanto gidaje. Ba a cika tunawa da ita ba sai ranar da ta faɗi.

Abubuwa biyu ne suka sa maganarta ta taso a yanzu. Na farko tsadar kaya. Bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira, buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama a watan Fabrairun 2024, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da manyan kamfanonin siminti aka tsaya a kan naira 7,000 zuwa 8,000. Na biyu sauyin yanayi. A taron Glasgow na watan Nuwamba 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa kafin shekarar 2060 iskar kabon da Nijeriya ke fitarwa ba za ta wuce wadda take iya shanyewa ba, kuma a cikin watan ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. A watan Disamba na shekarar Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 domin shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, wanda ya biyo bayan shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa. Tambayar ita ce: da kuɗin da ake da shi, wace irin katanga ce za ta tsare mita mafi yawa na bakin kwazazzabo, kuma ta daɗe tana tsaye?

1.1 Batun Suna

Hausa na da bango da katanga da garu da ganuwa. Dukkansu sarari ne a gabansu da bayansu, abin da suke ɗauka bai wuce nauyin kansu da rufi da bugun iska ba. Ginin da ake magana a kansa ya bambanta da su, domin sarari ne a fuskarsa, ƙasa ce cike a bayansa. Wasu kan ce “katangar tare ƙasa”. Sai dai tarewa ana yi wa abin da ke tafiya ne, kamar a tare dabba ko a tare hanya. Tokarewa kuwa ita ce a sa wani abu ya dafe abin da ya karkata don kada ya faɗi, kamar yadda ake tokare ƙyaure ko reshen da 'ya'ya suka yi wa nauyi. Wannan ma'ana ta biyu ce ta dace da aikin ginin, saboda haka maƙalar ta zaɓi “katangar tokare ƙasa”.

2.0 Ƙasar Batsari da Safana

Ƙananan hukumomin biyu suna yammacin jihar Katsina, a gefen dajin Rugu wanda ya miƙa har cikin jihar Zamfara. Ƙarƙashin ƙasarsu tsohon dutse ne mai tauri, wanda kan ɓullo fili a matsayin fa da duwatsu, kamar yadda sunan maƙwabciyarsu Dutsin-Ma ya nuna. Samansa kuwa galibi jigawa ce mai yashi, da marmara a wasu wurare. Damina gajeriya ce, daga wajen Yuni zuwa Satumba, ruwa ya fi ƙarfi a Agusta, kuma yakan sauko da yawa a cikin ɗan lokaci a kan ƙasar da rani da kiwo da saran itace suka bari tsirara. Yashi ba shi da danƙo. Da zarar ruwa ya sami 'yar hanya, ko da turbar shanu ce ko bakin kwalbatin da ba a yi wa shimfiɗar dutse ba, sai ya riƙa cin gindin gaɓa, sama ta rufto, kwazazzabo ya riƙa ja da baya zuwa cikin gona ko gari. Ambaliyar Jibiya ta watan Yulin 2018, wadda ta halaka fiye da mutum 40 a dare ɗaya, ta nuna abin da ruwan wannan yanki ke iya yi.

Abin lura a nan shi ne, ƙasar da ke da cutar tana da ɗaya daga cikin magungunanta a kusa, wato dutse. Siminti kuwa baƙo ne. Babu masana'antarsa a jihar Katsina, ana ɗauko shi ne daga wurare irin su Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta jihar Gombe da Obajana ta jihar Kogi.

3.0 Abin da ke Tura Katanga

Idan aka zuba gero ko yashi a ƙasa, tsibi yake yi mai gangare, ba ya tsayawa a miƙe kamar bango. Kusurwar wannan gangare ga busasshen yashi takan kasance tsakanin digiri 30 zuwa 35. Duk ƙasar da aka tilasta wa tsayawa a miƙe neman komawa wannan gangare take yi, kuma wannan nema shi ne turin da katanga ke sha dare da rana. Injiniyan sojan Faransa Charles-Augustin de Coulomb ne ya fara fitar da lissafinsa a 1776, William Rankine ya kawo hanya mafi sauƙi a 1857, kuma har gobe da su ake aiki.

Lissafin Rankine ba shi da wuya. Turin da ke kan kowace mita ɗaya ta tsawon katanga shi ne: ½ × K × nauyin ƙasa × tsayi × tsayi. Ga yashi mai kusurwar digiri 30, K ɗaya bisa uku ne. Idan aka ɗauki nauyin kubik mita ɗaya na ƙasa a matsayin tan 1.8, katanga mai tsayin mita 2 na shan turin tan 1.2. Idan aka ninka tsayin ya zama mita 4, turin ba ninki biyu yake yi ba, tan 4.8 yake komawa, wato ninki huɗu. Ƙarfin da ke neman kifar da katangar ya fi haka hauhawa, domin turin yana dukan ta ne a sulusin tsayinta daga ƙasa. A mita 2 ƙarfin kifarwa 0.8 ne, a mita 4 kuwa 6.4, wato ninki takwas. Darasin farko na rage tsada ke nan: babu wata dabara ta rage kauri ko rage rodi da za ta kai rage tsayi amfani.

Wannan lissafi na busasshiyar ƙasa ne. Ruwa ba shi da kusurwar tsayawa, kowace fuska yake turawa da dukkan nauyinsa. Idan ƙasar bayan katanga mai mita 2 ta cika da ruwa har sama, ruwan kaɗai zai tura da tan 2, ƙasar da ke nutse a cikinsa ta ƙara kusan tan 0.7, jimla tan 2.7. Katangar da aka tsara domin tan 1.2 ta wayi gari tana ɗauke da fiye da ninki biyu, alhali ba a ƙara ko tifa ɗaya ta ƙasa a bayanta ba. Dalili ke nan da ya sa irin wannan gini ya fi faɗuwa a tsakiyar damina. Maganin kuwa yana daga cikin mafi araha a aikin baki ɗaya: a jera tsakuwa a bayan katangar, a bar ƙananan kafofi a jikinta kusa da gindi domin ruwa ya tsiyaye.

Katanga na kasawa ta hanyar zamewa gaba, ko kifewa, ko nutsewar tushe. Injiniyoyi kan nemi ƙarfin riƙewa ya fi na zamewa da aƙalla ninki ɗaya da rabi, na kifewa kuma ninki ɗaya da rabi zuwa biyu. A bakin kwazazzabo akwai hanya ta huɗu wadda ta fi sauran ɓarna, wato ruwa ya rarake ƙarƙashin tushe ya bar ginin a rataye. Komai kyawun katanga, idan ba a nutsar da tushenta ƙasa da iyakar inda ruwa ke iya ci ba, ko ba a yi mata shimfiɗar dutse a gabanta ba, aikin banza aka yi.

Ya kamata a tsaya a kan ginin da talaka ya fi yi idan kwazazzabo ya matso gidansa, wato jera bulo mai inci tara a cike ramukansa da kankare. Idan ya kai mita 2, nauyinsa wajen tan ɗaya ne a kowace mita, faɗinsa kuma santimita 22.5. Ƙarfin da nauyin nan ke da shi na hana kifewa bai wuce 0.11 ba, alhali busasshiyar ƙasa ma na neman 0.8. Ya gaza da ninki bakwai tun kafin a yi ruwan farko. Mai gidan ya sayi siminti da tsada, ya biya birkila, abin da ya samu kuwa katangar zagaye gida ce aka sa ta aikin da ba nata ba. Ga haɗarin da ke tattare da ita ga yaran da ke wasa a gindinta.

4.0 Siminti da Rodi da Iskar Kabon

Ana yin siminti ne ta hanyar gasa dutsen farar ƙasa da yumɓu a zafin da ya kai kusan digiri 1,450. Iskar kabon na fita ta hanya biyu: daga makamashin da aka ƙona, da kuma daga jikin dutsen kansa lokacin da zafi ya rarraba shi. Ta biyun ce ta fi yawa, kuma ba ta da magani ko da an sauya makamashi. Masana'antar siminti na da alhakin kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan'adam ke fitarwa a duniya. Tan ɗaya na siminti kan zo da kilo 800 zuwa 900 na iskar, ko ƙasa da haka kaɗan idan an gauraya shi da niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa kamar yawancin wanda ake sayarwa a Nijeriya. Ke nan buhu ɗaya mai kilo 50 na ɗauke da wajen kilo 40. Ƙarfe ya fi haka, domin matsakaicin duniya kusan tan 1.9 ne a kowane tan ɗaya, ko da yake wanda aka narka daga tsofaffin ƙarafa bai kai haka ba.

Gaskiya ita ce manomin Runka ko Ruma ba shi ne ya ɗumama duniya ba. Abin da ɗan Nijeriya ke fitarwa a shekara bai kai tan ɗaya ba, na ɗan Amurka ya haura tan 10. Da a ce rage kabon ƙarin kuɗi ne a kan al'ummar da ke fama da kanta, da babu hujjar ɗora mata shi. Abin da ya sa batun ya cancanci kulawa shi ne, a wannan gini kayan da suka fi cin kuɗi su ne suka fi fitar da kabon. Víctor Yepes da abokan aikinsa na jami'ar fasaha ta Valencia a ƙasar Sifen sun gwada wannan a 2012, inda suka sa kwamfuta ta nemo katangar kankare mafi araha, sannan ta nemo mafi ƙarancin kabon, suka tarar tsare-tsaren biyu sun yi kusa da juna ƙwarai. Wanda ya rage ɗaya ya rage ɗayan.

Ana kuma ƙoƙarin gyara simintin kansa. Nau'in da ake kira LC3, wanda aka haɓaka a Suwizalan da Kyuba da Indiya, yana maye gurbin kusan rabin gasasshen dutsen da yumɓun da aka gasa a ƙaramin zafi da kuma farar ƙasa, ya rage kabon da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Irin farin yumɓun da yake buƙata akwai shi a Ƙanƙara, ba nisa da Safana. Wannan dai magana ce ta masana'antu, ba ta hannun magini ba.

5.0 Katanga Uku a kan Sikeli

Neman tsari mafi dacewa abu uku ya ƙunsa. Akwai abin da ake so a rage, wato kuɗi ko kabon. Akwai ma'aunan da mai tsarawa ke da ikon sauyawa, kamar faɗin tushe da kaurin jiki da yawan rodi da nau'in kayan gini. Akwai kuma sharuɗɗan da ba a taɓawa, wato kada ginin ya zame, kada ya kife, kada ya nutse, kada ya karye. Saribas da Erbatur sun tsara matsalar a wannan siga tun 1996, daga baya aka riƙa sa kwamfuta ta gwada dubban tsare-tsare ta zaɓo na gaba. Alƙaluman da ke biye misali ne na lissafi a kan mita ɗaya ta katanga mai tsayin mita 2 a busasshen yashi, an kuma kusanta su ne domin kwatance.

Ta farko ita ce kankare mai rodi, mai siririn jiki da faffaɗan tushe wanda ƙasar baya ke dannewa. Da jiki mai kaurin santimita 20 da tushe mai faɗin mita 1.3, za ta ci kusan kubik mita 0.7 na kankare, wato wajen buhu 5 na siminti, da rodi kimanin kilo 50. Kabon ɗinta ya doshi kilo 290.

Ta biyu ginin dutse ne da kwaɓin siminti, wanda nauyinsa ne ƙarfinsa. Da gindi mai faɗin mita 1.2 da kai mai santimita 40, girmansa kubik mita 1.6 ne, kusan sulusinsa kwaɓi. Da kwaɓin siminti ɗaya yashi shida, buhu biyu da rabi sun isa, babu rodi ko ɗaya. Kabon ɗinsa wajen kilo 100 ne. Nauyinsa tan 3.5, riƙon da gindinsa ke yi wa ƙasa kusan tan 1.9, ya fi turin tan 1.2 da ninki ɗaya da rabi har da ɗoriya. Amma idan kafofin ruwansa suka toshe turi ya koma tan 2.7, wannan gini da ya ci jarrabawa zai zame.

Ta uku ita ce kejin waya da ake cikawa da duwatsu a jera kamar akwatuna, wanda aka fara yaɗa irinsa na zamani a Italiya a ƙarshen ƙarni na 19. Hawa biyu, na ƙasa mai faɗin mita ɗaya da rabi, na sama mita ɗaya, za su ci kubik mita 2.5 na dutse da waya wajen kilo 20 zuwa 25. Babu siminti. Kabon ɗinsa bai cika wuce kilo 60 ba. Fifikonsa na gaskiya ba a nan yake ba. Ruwa na ratsa shi ta ko'ina, saboda haka turin tan 2.7 ba ya samun inda zai taru, kuma idan ƙasa ta ɗan zauna a ƙarƙashinsa lanƙwasawa yake yi, ba ya tsagewa.

Dutse na da nauyi, kejin nan kaɗai na buƙatar tan 4 a kowace mita. Idan aka ƙiyasta gram 100 na kabon a kan kowane tan da mota ta ɗauka kilomita ɗaya, aka kuma lissafa dawowarta ba kaya, sai an yi jigilar dutsen fiye da kilomita 200 kafin kabon ɗinsa ya kamo na kankare. Kuɗi ba ya jiran wannan nisa. Tsadar man dizal da hayar tifa na iya cinye ribar tun a tazarar da ba ta kai haka ba. Saboda haka tambayar farko da mai tsara aiki a Batsari ko Safana zai yi ba ta kaurin katanga ba ce, ta nisan dutse ce daga wurin aiki. Haka kuma fifikon dutse na gajeriyar katanga ne. Girman ginin da ya dogara da nauyinsa na ƙaruwa ninki huɗu idan tsayi ya ninku, don haka daga wajen mita 4 zuwa sama, ko inda babu filin faffaɗan gindi kamar fukafukan gada, kankare mai rodi na karɓar matsayinsa da hujja.

5.1 Abin da Kwamfuta ba ta Lissafawa

Tsarin da kwamfuta ke fitarwa a matsayin mafi araha shi ne wanda aka aske har ya tsaya daidai kan iyakar sharuɗɗa. Yana ɗauka cewa za a sa rodi a inda zane ya ce, a fuskar da ƙasa ke turawa, da tazarar da aka rubuta. Yana ɗauka za a auna kwaɓi, ba za a tsinka shi da ruwa ba, za a kuma yi wa kankaren ban ruwa na aƙalla kwana 7 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa a kwana 28. Kowanne daga cikin waɗannan na buƙatar idon mai duba aiki. A siririyar katanga, rodin da ya kauce da 'yan santimita kaɗan na iya zubar da kaso mai yawa na ƙarfinta, kuma da zarar an zuba kankare babu mai sake ganin kuskuren.

A wannan yanki duba aiki ba ƙaramin al'amari ba ne. A watan Fabrairun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar na Batsari. A watan Afrilun shekarar an kashe mutum 47 a hare-haren da suka shafi Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyu. A irin wannan hali injiniya ba zai kwana a wurin aiki ba, ɗan kwangila kuma zai so ya gama ya fita. Ga ƙarancin ruwa da rani, lokacin da ake yin ginin, inda ruwan ban kankare ke gasa da ruwan sha. Ginin dutse da kejin waya kuwa aibinsu a fili yake, mai unguwa ma zai iya gane dutsen da ba a jera da kyau ba, kuma yawancin kuɗinsu na tafiya ne ga masu fasa dutse da leburori da masu amalanke na garin.

Kejin ma yana da nasa rauni, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Yashin da ruwa ke ɗaukowa na goge rufin da ke hana wayar tsatsa, ga kuma masu sayen tsofaffin ƙarafa da ke sa waya ta zama abin sha'awa ga ɓata-gari. Idan waya ta tsinke, abin da ya rage tsibin duwatsu ne. Inda ruwa ke gudu da ƙarfi ana buƙatar waya mai kauri mai rufin roba, ko a koma ginin dutse da kwaɓi a hawan ƙasa. Katangar da aka gina sau biyu ta fi kowace tsada, ta fi kowace fitar da kabon, don haka ma'aunin da ya dace shi ne kuɗi da kabon a kowace shekarar da ginin ya yi yana aiki.

6.0 Ilimin Magina da Darasin Keita

Maginin Hausa bai karanta Rankine ba, amma ya san garu na farawa da kauri ya ƙare da siranta, kamar yadda ganuwar Kano da ta Katsina da hasumiyar Gobarau suka nuna. Ya san ruwa ne abokin gaba, shi ya sa ya yi indararo don nisanta shi daga bango, ya yi dakali don kare gindi, ya haɗa makuba da laso don yaɓe. Ya kuma san tokare ƙasa a cikin rijiya da karofin marina. Sai dai kada son abin gida ya rufe ido: tubali da birji ba za su riƙe jiƙaƙƙiyar ƙasa ba, narkewa za su yi. Abin ɗauka daga magina shi ne fahimtar nauyi da hanyar ruwa, a mayar da ita kan dutse.

An riga an gwada wannan a ƙasar Hausa. Shirin raya karkara na Keita a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya da hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya yi amfani da jerin duwatsu a gangare da ƙananan madatsai na kejin waya a cikin kwazazzabai, kuma mutanen ƙauyuka, musamman mata, su ne suka yi mafi yawan aikin. Hikimar ita ce a karya gudun ruwa tun daga sama, ta yadda katangar da za a buƙata a ƙasa za ta gajarta. Matakalan dutse na Sukur a jihar Adamawa, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, sun tsaya a kan wannan ka'ida ba tare da siminti ba.

Lissafi ya goyi bayansu. Gaɓa mai mita 3 na tura katanga ɗaya da tan 2.7. Idan aka raba ta hawa biyu na mita ɗaya da rabi, aka ja na sama baya sosai, jimlar turin tan 1.35 ce, dutsen da za a ci ma rabi ne. Idan aka kwantar da gangaren da ke tsakani aka dasa jema ko gamba, saiwoyinsu za su riƙe yashin sama. Farashin wannan tsari fili ne, kuma filin nan gonar wani ce, wataƙila ma ta gado mai magada da yawa. Nan ne aikin ke fita daga hannun injiniya ya koma zauren dagaci da hakimi, kuma gara a yi wannan zama kafin a zana katangar, domin faɗin filin da aka samu ne zai yanke tsayinta.

Saura kulawa. Ganuwa ta daɗe ne saboda ana raba gyaranta ga jama'a ana yi a kai a kai, da aka daina kuma ta zube. Katangar tokare ƙasa na buƙatar a san wanda zai zagaya ta kowace shekara ya buɗe kafofin da laka da leda suka toshe, ya ɗaure wayar da ta tsinke, ya cike inda ruwa ya fara cin gindi. Ya dace a rubuta sunan unguwar da ke da wannan alhaki a cikin takardar miƙa aiki, tare da ɗan abin da za a ware masa. Aiki ne na yini guda da fartanya da sandar ƙarfe, lokacinsa kuma watan Mayu ne, kafin ruwan shuka.